Yadda za mu kare dattawanmu a kan titi, masu tuƙi da masu tafiya a ƙasa

Wata asuba cikin sanyin da ya wuce saura ƙiris mu rasa mahaifinmu a bakin titi, nan unguwarmu ta wajen Yelwa a Bauchi. Ya fito zai tsallaka zuwa masallaci kamar yadda ya saba shekara da shekaru, jallabiyarsa ruwan ƙasa ce, ya naɗe kansa da kunnuwansa da rawani saboda sanyi, ga hazo ga babu wuta. Wani mai keke Napep ya taho fitilarsa dishi-dishi, bai ga Baba ba sai da ya zo daf da shi, ya murɗe kan keken ya faɗa kwata, gefen keken ya shafi hannun Baba carbinsa ya tsinke 'ya'yan suka watse a kan kwalta. Ina bayansa da taku kamar goma, wallahi har yau in na tuna ƙarar nan sai gabana ya faɗi.

Da muka dawo gida na ce "Baba ba ku gan shi ba ne?" Sai ya ce "Na gan shi mana, na ɗauka yana da nisa." Toh wannan maganar ce ta tsaya min a rai, don mutumin nan direba ne, ya fi shekara talatin yana jan mota tsakanin Bauchi da Jos da Kano da Maiduguri, ba wanda zai koya masa titi. Amma idon da yake auna nisa da shi da ƙafar da yake tsallakawa da ita duk sun canza, shi kuma lissafinsa na da yake yi. Shi ya sa na zauna na rubuta abin da muka koya tun daga ranar, ga duk mai dattijo ko dattijuwa a gida, da su kansu iyayen namu in akwai mai karanta musu.

Mu fara da lissafin, don shi ne tushen komai. Motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a duk sakan ɗaya. Titi mai layi biyu faɗinsa wajen mita 7 ne, saurayi zai tsallake shi cikin sakan biyar ko shida, amma tsoho mai dogara sanda ko mai ciwon gwiwa sai ya yi sakan tara ko goma. A sakan goman nan motar ta riga ta ci mita 170, wato filin ƙwallo ɗaya da rabi. Kenan motar da Baba yake hangowa can nesa yana ganin ai kafin ta iso na wuce, tana iya riskarsa yana tsakiyar titi. Ka zauna ka yi wa dattijonka wannan bayanin da misalin da zai gane, ka nuna masa falwaya ko wata bishiya can gaba ka ce in mota ta riga ta wuce wancan wurin a bar ta ta wuce kawai. Mu haka muka yi, akwai wani shagon mai faci da muka sa ya zama alama, kuma ya fi duk wata nasiha aiki.

Tsallaka titi

Wurin da za a tsallaka ya fi saurin da za a yi muhimmanci. Kar a fito daga tsakanin motoci biyu da aka faka, kar a fito ta bayan tirela ko tifa ko bas da ta tsaya sauke fasinja, kar a tsallaka a kan kwana ko a bakin shataletale inda hankalin kowane direba yana kan motar da za ta shigo masa. Duk wanda ya san Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal ko wajen Babbar Kasuwa da yamma ya san yadda abin yake, keke ta nan mashin ta can, mai baro yana turowa, mai ɗaukar fasinja ya tsaya duk inda ya ga dama. A irin wuraren nan gara a ƙara taku hamsin a je inda titi ya miƙe, kana ganin kowa kowa yana ganinka. In titin mai hannu biyu ne da dakali a tsakiya, a raba tsallakawar gida biyu, a tsallaka rabi a tsaya a kan dakalin a huta a sake dubawa sannan a ƙarasa, ba dole ne a yi ta a numfashi ɗaya ba. In kuma akwai mutane suna jiran tsallakawa a shiga cikinsu, direba ya fi ganin taro a kan mutum ɗaya.

Hagu ake fara dubawa, sannan dama, sannan a sake duba hagu. Na san wani zai ce wannan ai ko ɗan firamare ya sani, amma ku tuna Najeriya sai a watan Afrilun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, kafin nan a hannun hagu ake tuƙi irin na Ingila, kuma waɗanda suka haura saba'in yanzu da yawansu dama aka koya musu su fara dubawa tun suna yara. Abin da aka koya da ƙuruciya yana da wuyar fita. Sannan ga masu bin wan-we, musamman 'yan mashin da masu keke, saboda haka ko a titin da ka tabbata hannu ɗaya ne sai ka duba duka ɓangarorin.

Akwai abin da iyayenmu suke yi da yake ban tsoro ƙwarai, shi ne su ɗaga hannu ko sanda su shiga titi kawai, suna ganin ai za a ga furfura a tsaya. Da can haka ne, motocin kaɗan ne kuma direban ma ya san ka ya san gidanku. Yanzu yaron da yake kan keken nan ƙila yana lissafin balas ɗin da zai kai wa mai keke da dare, ƙila waya ce a kunnensa, ƙila birkinsa ma sai ya taka sau biyu yake kamawa. Ɗaga hannun ba laifi ba ne amma a tsaya a gefe tukun, a ga motar ta rage gudu da gaske, a haɗa ido da direban in zai yiwu. Kuma ko ya tsaya kar a saki jiki, don wanda ya tsaya ya kare maka ganin layi na biyu, wani zai iya fitowa ta gefensa da gudu bai san dalilin tsayuwar ba. In ka zo daidai hancin motar da ta tsaya ka ɗan dakata ka leƙa. Wannan ya ci mutane da yawa, ana cewa ai an tsaya masa, eh ɗaya ya tsaya, ɗayan bai gan shi ba.

In an riga an shiga titi kuma sai mota ta ɓullo, kar a ruɗe a juya baya a sake dawowa, direba yana kauce maka ne bisa inda ya ga ka nufa, in ka canza shi ma ya ruɗe. Gudu ma ba na tsoho ba ne, faɗuwa a tsakiyar titi ta fi komai muni.

Sai maganar kaya, wadda ita ce ta kusa kashe mana Baba. Asuba da magariba da isha, lokutan da dattawa suka fi fita kenan kuma lokutan ne ido ba ya gani sosai, balle in an ɗauke wuta ko ana hazo. Farin kaya a jiki ya fi duhu nesa ba kusa ba. A riƙe tocila a kunne, ko fitilar ƙaramar waya ma ta isa, a riƙa haska ƙasa ana ɗan kaɗa ta, ba a idon direba ba. Ni na je wajen masu sayar da kayan mota na sayo irin tef ɗin nan mai ƙyalli da ake mannawa a bayan manyan motoci, na naɗa shi wuri uku a jikin sandar Baba, in fitila ta haska tun daga nesa sai ka ga sandar tana walƙiya, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Rawani ko hular sanyi in ta rufe kunne a sassauta ta kafin a tsallaka, rediyon da ake karawa a kunne ana jin labarai shi ma a kashe shi sai an ƙetare. Iyayenmu mata kuma hijabi yana tare ganin gefe, dole sai an juya kai gaba ɗaya, kallon wutsiyar ido ba ya wadatarwa, kuma in hijabin baƙi ne da dare toh tocila ta zama dole.

Inda babu hanyar masu ƙafa, a bi gefen hagu na titi, wato kana fuskantar motocin da suke tahowa, kar ka ba su baya. In za a sauka daga keke a jira ya tsaya cak, a sauka ta hannun dama wajen gefen titi, a tattare babbar riga ko hijabi tukun, a biya kuɗi bayan an tsaya a wuri mai kyau ba ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje ba. Mashin kam in da hali a raba tsoho da shi, in kuma ya zama dole a naɗe bakin zani da hijabi sosai don kar taya ta ja.

Akwai lokutan da gara ma a haƙura da fita in ba dole ba: dab da shan ruwa a watan azumi lokacin da kowa yake gudu ya isa gida, bayan an taso daga Juma'a, ranar sallah da yara suke karɓar mota da mashin suna wasa da su, da lokacin da ayarin ɗaukar amarya ya biyo. Mai rakiya kuma ya zama mai hankali. Sau da yawa sai ka ga an haɗa kaka da jika ɗan shekara shida wai ya raka ta, yanzu an samu mutum biyu kenan da suke buƙatar a kula da su. In kai ne mai rakiyar, ka tsaya ta ɓangaren da motoci suke tahowa, ka ba shi hannunka ya riƙe, kar kai ka ja shi, ka bi takunsa.

Dattijon da har yanzu yake tuƙi

Ba shekaru ne suke hana tuƙi ba, akwai ɗan saba'in da biyar da ya fi ɗan ashirin da biyar iya mota da nutsuwa nesa ba kusa ba, kuma gaskiya dattawa ba su cika gudun banza da ganganci ba. Matsalar jiki ce, kuma a hankali take shigowa mutum bai sani ba.

Ido ne na farko. Yanar ido tana sa gani ya zama kamar ta cikin hazo, kuma fitilar motar da take tahowa da dare sai ta tarwatse a ido mutum ya daina ganin komai na ɗan lokaci. Hawan jinin ido shi ya fi mugunta don ba ya ciwo, ta gefe yake fara cin gani, mutum yana ganin gabansa tar amma bai ga mai mashin da ya shigo ta gefe ba, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, sai dai a tare sauran da magani. Ciwon suga ma yana taɓa ido. Saboda haka duk shekara a kai shi a duba idon a asibiti, a auna har da ƙarfin jinin idon, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) da sauran manyan asibitoci, a daina sayen tabarau a tire a kasuwa ana gwadawa har a dace. Yanar ido kam aikinta ba ya daɗewa kuma mutane suna samun ganinsu ya dawo, Baba ya daɗe yana tsoro, da aka yi masa ido ɗaya da kansa ya nemi a yi ɗayan. Kafin a je asibitin ma akwai gwajin da za ka yi a ƙofar gida: a Ingila ƙa'idarsu ita ce direba ya iya karanta lambar mota daga nisan mita 20, toh ka auna taku kamar ashirin da biyar ka ce ya karanto maka lambar wata mota da rana tsaka. A Ingilan kuma da mutum ya cika 70 duk bayan shekara uku yake sabunta lasin ɗinsa. Mu nan lasin na shekara uku ne ko biyar, kuma shekara biyar a idon tsoho lokaci ne mai tsawo, kar a jira sai ranar sabuntawa.

Tuƙin dare shi ya kamata a fara ajiyewa. In ya kama dole, a wanke gilashin gaba ciki da waje don ƙura tana ƙara tarwatsa haske, a goge murfin fitilun da suka yi ja, a canza waifa in ta mutu. In wani ya dallo maka ful kar ka kalli fitilar kuma kar ka rama, ka mayar da ido gefen dama na titi ka rage gudu har ya wuce. A tuna a hanyoyinmu akwai tirelar da ta lalace an bar ta ba alama sai ganye, akwai mai keke ba fitilar baya, akwai shanu.

Magani shi ne abin da mutane ba sa kawowa a rai. Piriton da yawancin magungunan mura da tari suna sa barci, haka maganin barci da masu ƙarfi na ciwon jiki. Maganin hawan jini in sabo ne ko an ƙara shi yana iya sa jiri a kwanakin farko. Mai ciwon suga da yake shan ƙwaya irin su Daonil ko yake allurar insulin, in bai ci abinci ba sugansa zai iya faɗuwa yana kan sitiyari, alamarsa zufa da rawar jiki da ganin dishi-dishi da ruɗewa. Ya ajiye dabino ko alewa ko suga a mota inda hannu zai kai, da ya ji alama ya faka nan take ya ci, kar ya ce bari in ƙarasa gida. Da azumi kuma a yi shawara da likita tun kafin watan ya kama. Duk sanda aka ba da sabon magani a yi tambaya ɗaya kawai: likita, ana tuƙi da wannan?

Wuya ma yana ƙagewa, waiwaye ya zama aiki. A gyara madubai ukun nan da kyau kafin a tashi, a manna ƙananan madubin nan masu zagaye a jikin na gefe, suna nuna mai mashin da ya maƙale a inda babban madubi ba ya kaiwa. A riƙa faka mota yadda in za a fita da gaba za a fita, ribas ya ragu. In ribas ɗin za a yi daga cikin gida, a zagaya bayan motar da ƙafa tukun, jikoki suna son wasa a inuwar mota, wannan musibar Allah Ya raba mu da ita.

Tazara kuma a ƙara ta. In motar gabanka ta wuce wata falwaya ka fara ƙirga sannu a hankali, in ka iso wurin kafin ka kai huɗu ka matse ta da yawa, da ruwan sama ko hazo a ninka. Za a riƙa shiga gabanka, a bar su su shiga, ka sake ja baya. Ƙa'idar gudu ga ƙananan motoci ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a titi mai hannu biyu na tsakanin garuruwa, amma wannan iyaka ce ba wajibi ba. Sai dai mai tafiya a hankali ya riƙe hannun dama, ya bar masu sauri su wuce, kar ya zauna a layin hagu ana ta danna masa hon har ya ruɗe. Juyawa hagu a mahaɗa inda sai ka yanke gaban motoci masu tahowa, nan ne dattawa suka fi samun matsala don lissafin nisa da gudu ne irin wanda na faɗa a farko, gara a ƙarasa shataletale a zagayo ko a bi inda akwai danja ko ɗan sanda mai ba da hannu, man da za a ƙara ƙonawa bai kai komai ba. A sa sigina da wuri.

Tafiya mai nisa, irin Jos mai wajen kilomita 120 ko Gombe mai wajen 150, a bari gari ya waye tar kafin a tashi, a lissafa yadda za a isa kafin la'asar sakaliya. Kar a tafi shi kaɗai. Duk awa biyu a tsaya a miƙe ƙafa a wanke fuska ko da ba a ji gajiya ba, kuma a kiyayi bayan cin abincin rana, gyangyaɗin lokacin ba ya sallama, goro ba ya hana shi. A san ranakun kasuwannin garuruwan da suke kan hanya don ranar mutane da dabbobi har kan kwalta suke. Obatekin ɗin tirela kuwa, in ba ka ga hanya fetal har can nesa ba ka zauna a bayanta da tazara, in ba ka ganin madubin direbanta shi ma ba ya ganinka. Kano kam mu mun yanke, Baba ba ya jan mota zuwa Kano, a zauna a gaba a ba yaro.

Bel dole ne, ko zuwa masallacin Juma'a ne, ƙashin tsoho ba ya ɗaukar bugun da na yaro zai ɗauka, ƙirji ya daki sitiyari haƙarƙari ya karye sai numfashi ya zama matsala. A naɗe hannun babbar riga a kafaɗa. Silifas da takalmi mai santsi suna zamewa ko su maƙale a ƙarƙashin birki, a sa takalmin da ya kama ƙafa. Wanda ya shekara arba'in da mota mai kuloci aka saya masa otomatik, a ba shi lokaci ya saba a fili, ƙafar dama kaɗai ake amfani da ita, don taka totur a maimakon birki yana faruwa. Taya kuma a duba lambobi huɗun da suke jikinta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2319 an yi ta a mako na 23 na 2019 kenan, motar dattijo ba ta yawan fita sai ka ga zanen taya da sauransa amma robar ta bushe ta tsattsage. Waya in ta yi ƙara a bar ta har a faka.

Ranar da za a yi maganar ajiye makulli

Wannan ya fi duk sauran wuya, kuma mu ma sai da muka yi kuskure a farko. Alamomin da za ka lura da su: sababbin ƙuje-ƙuje a jikin mota da bai san inda aka samo ba, yawan hawa kan dakali, ana yawan yi masa hon, yana cewa mutane suna faɗo masa daga sama, ko ya ɓata a hanyar da ya sani kamar tafin hannunsa. Wannan na ƙarshen a kai shi asibiti ma, ya wuce maganar mota.

Yayanmu ya taɓa ɗauke makullin ya ɓoye, Baba ya yi kwana uku ba ya amsa gaisuwar kowa, kuma yana da gaskiya, mutumin da ya ciyar da mu da sitiyari ba za a yi masa haka ba. Daga baya na same shi bayan isha shi kaɗai, ba a gaban jikoki ba, na zauna a ƙasa na ce "Baba alfarma nake nema." Ya ce "Ina jin ka." Na ce "Tuƙin daren nan ku bar mana, duk inda za ku ni zan kai ku, ko ƙarfe nawa ne." Ya yi shiru can ya ce "Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na ce "Haka ne Baba, shi ya sa nake so ku zauna a gefena kuna nuna min." Bai ce eh ba a daren, amma washegari da magariba ya aiko a kira ni.

Saboda haka a bi abin mataki-mataki, dare tukun, sannan babbar hanya, sannan cikin kasuwa, a bar masa unguwa da masallaci da gona in tana kusa har zuwa lokacin da shi ma zai gane. In maganarka ba ta shiga ba ka nemi amininsa ko limamin unguwa ko likitan da yake jin maganarsa. Kuma kar a karɓi mota a bar mutum a zaune, zaman gida yana karya tsoho, ya daina zuwa jana'iza da ɗaurin aure da majalisarsa shi kenan an kashe masa zuciya. A samu mai keke ɗaya natsattse ɗan unguwa a riƙa biyansa a wata, a sa lambarsa a wayar Baba. In kuma da tuƙin yake ci da iyali, irin dattawanmu na tasha, toh ba a cewa ya daina sai 'ya'ya sun zauna sun san abin da za su riƙa haɗawa, ko a ɗora yaro a motar yana kawo masa balas.

Mu masu jini a jika da muke tuƙi, dan Allah in ka ga tsoho a bakin titi ka ɗaga ƙafa daga totur tun daga nesa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkuwa sau huɗu da rabi tsakanin gudun 50 da 65. In ka tsaya masa ka kunna fitilun haɗari ka fito da hannu don na bayanka ya gane, kuma kar ka yi masa hon yana tsakiyar titi.

In abin ya riga ya faru, lambar hukumar kiyaye haɗura FRSC ita ce 122, ta gaggawa ta ƙasa kuma 112, a sa su a waya tun yanzu. Kar a ciccibi mutum hannu da ƙafa a jefa a keke in ana zargin wuya ko baya ko ƙugu, a tare motoci, a danne inda yake jini da tsumma mai tsabta, in za a ɗaga shi a samu abu mai faɗi a daidaita kai da jiki, kar a ɗura masa ruwa. Tsoho in ya bugu a ka ko ya tashi ya karkaɗe riga ya ce ba komai a kai shi asibiti, balle mai shan asfirin ko maganin tsinka jini, jini yana iya taruwa a cikin kai a hankali sai bayan kwanaki ko makonni a ga yana yawan barci ko maganarsa tana ruɗewa ko gefe ɗaya ya yi nauyi. Karaya kuma a ɗauki hoto tukun kafin a yi maganar mai ɗori, karayar ƙugu ba ta ɗori ba ce.

Na rubuta wa Baba ƴar takarda, sunansa da unguwa da lambar waya biyu da sunayen magungunan da yake sha, na kai aka manne ta da leda, tana aljihun gaba tare da katin ɗan ƙasa. Inna ma an yi mata tata, a jakar hannunta take. Asuba kuma mun raba kwana ni da ƙannena biyu, kowa da ranarsa, in ranarka ce ƙarfe biyar saura kana ƙofar ɗakinsa da tocila.